Daga Kasuwa zuwa Fada: Tashen Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa da Matsalar 'Yancin Mawaƙi

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da raba waƙa gida biyu, watau waƙar baka da rubutacciyar waƙa. Sa'an nan suka sake karkasa makaɗan baka bisa ga wanda suke yi wa waƙa, aka sami makaɗan fada, da makaɗan jama'a, da makaɗan sana'a, da na maza, da sauransu, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a cikin littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Wannan rabo ya yi mana amfani ƙwarai, kuma a kansa muke koyar da ɗalibai a kwalejojin ilmi da jami'o'i. To amma duk malamin da ya taɓa duba kundin ɗalibi a kan mawaƙan wannan zamani ya san inda gizo yake saƙa. Ɗalibi zai zo da waƙar da aka rubuta da alƙalami, aka tsara ta baiti-baiti, aka rera ta da amshi da kiɗan fiyano, aka sayar da ita a kasuwa, ya tambaya a wane gida zai ajiye ta. Sau da yawa amsar da muke ba shi ba ta gamsar da mu kanmu.

Manufar wannan takarda ita ce ta dubi wannan matsala ta hanyar bin sawun mawaƙi guda, Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Ala ko Alan Waƙa, wanda kuma masarautar Dutse ta naɗa shi Sarkin Waƙa. Mun zaɓe shi ne domin rayuwarsa ta waƙa ta ratsa dukkan gidajen da muka ambata. Marubuci ne da ya zama mawaƙi, ya yi suna ba tare da ubangida ba, ya gamu da fushin hukuma, daga baya kuma fada ta kira shi ta naɗa masa rawani. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: mawaƙin da ya tashi da ƙafarsa, idan ya karɓi sarauta, yana nan a matsayin mai cin gashin kansa, ko kuwa ya koma makaɗin fada irin na dā? Ra'ayinmu shi ne rawani shi kaɗai ba ya yanke wannan hukunci. Abin da yake yanke shi yana cikin waƙoƙin da suka biyo bayan rawanin.

2.0 Me Ake Nufi da Mawaƙi Mai Cin Gashin Kansa?

A ƙasashen Turai da Amurka, idan aka ce mawaƙi mai zaman kansa ne, ana nufin wanda ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin buga faifai. Shi yake rubuta waƙarsa, ya sa mata karin murya, ya rera, ya nemi hanyar kai ta ga jama'a. Can abokin jayayyar mawaƙi kamfani ne. A ƙasar Hausa kuwa lamarin ya sha bamban, domin kamfanonin faifai ba su taɓa riƙe wuyan makaɗa ba yadda ubangida ya riƙe shi. Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo da yabo a wurin Hausawa suna tafiya ne da tsarin matsayi da mulki, kowane mai yabo yana da wanda yake jingina da shi. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Muhammadu Sarkin Taushin Katsina sunansa ma ya faɗi gidansa. Irin waɗannan makaɗa sarki ne yake ba su doki da riga da hatsi da muhalli, su kuma su tsare masa martaba da yabo da zuga, su yi wa abokan gabarsa zambo da habaici. Ba su yi wa wani basarake waƙa sai da izni.

Saboda haka, idan muna maganar cin gashin kai a waƙar Hausa, dole mu auna shi da ma'aunin gida. A ganinmu akwai tambayoyi uku da za a yi wa kowane mawaƙi. Ta farko, wa ya mallaki kayan aikinsa da hanyar da waƙarsa take bi ta isa kunnen jama'a? Ta biyu, wa yake zaɓa masa jigo? Ta uku, wadda ita ce mafi nauyi, akwai wanda ba shi da ikon ya ce masa a'a? Mawaƙin da amsarsa ga tambayoyin farko biyu ita ce “ni kaina”, amsarsa ga ta uku kuma ita ce “babu”, shi ne muke kira mai cin gashin kansa. Da wannan ma'auni za mu yi aiki a sauran takardar.

3.0 Magabata Biyu da Wata Hanya ta Uku

Ala ba shi ne farkon wanda ya rabu da ubangida ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna da attajirai da 'yan siyasa da direbobi waƙa, amma bai taɓa zama mallakar fada guda ba. Wannan matsayi nasa na mawaƙin kowa da kowa yana daga cikin abin da Ɗandatti Abdulƙadir ya nazarta a kundinsa na digirin digirgir a Jami'ar Indiyana a 1975. Sai dai Shata yana da ƙungiya, makaɗan kalangu da 'yan amshi da sanƙira, kuma a fage yake ƙirƙirar waƙarsa nan take, ba da takarda ba.

Wanda ya fi kusa da siffar mawaƙi tilo shi ne Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a watan Yuni na 2015. Mahaifinsa makaɗin fada ne, shi kuma ya tashi maraya a gidan sarauta, amma da ya ɗauki kuntigi sai ya fuskanci tasha da kasuwa. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da wani makaɗi bayan kansa, daga shi sai ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Waƙarsa ta Karen Mota ta nuna wanda ya zaɓa ya ɗaukaka, watau talakan da ba a yi masa kirari. Auren dole da gulma da halin ɗan Adam su ne jigoginsa. Ɗanmaraya ya cika sharuɗɗan nan uku tun kafin a san situdiyo a Kano.

Akwai kuma wata hanya ta uku wadda sau da yawa ake mantawa da ita idan ana maganar mawaƙan zamani, ita ce hanyar marubuta waƙa. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, waɗanda duka suka rasu a 1958, da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu, ba wanda ya jingina da ubangida domin ya ci abinci da waƙarsa. Sun rubuta abin da suka ga dama a kan ilmi da siyasa da gyaran hali. Kuma rubutacciyar waƙar Hausa ba a yi ta don a karanta a zuci ba, don a rera aka yi ta. Aƙilu ya rera nasa a rediyo, Imfirajin Aliyu Namangi kuwa a bakin makafi masu bara ya zaga ƙasar Hausa. Ɗalhatu Muhammad ya daɗe da jawo hankalinmu ga irin zumuntar da take tsakanin marubuta waƙa da makaɗa, yadda kowane ɓangare yake aro daga ɗan'uwansa. Lokacin da aka ba Bob Dylan kyautar Nobel ta adabi a 2016, Turawa sun yi ta muhawara a kan ko waƙar da ake rerawa adabi ce. Bahaushe ya wuce wannan muhawara tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u.

Abin da muke so mu kafa a nan shi ne Ala ya gaji 'yancin Ɗanmaraya ta fuskar sana'a, amma ta fuskar fasaha jikan marubuta ne.

4.0 Tashe: Daga Littafi zuwa Situdiyo

An haifi Aminu Ladan Abubakar a unguwar Yakasai cikin birnin Kano a 1973. Kafin a san shi da waƙa an san shi da rubuta littattafan ƙagaggun labarai, a cikin guguwar nan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano. Wannan asali yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Marubucin Adabin Kasuwa shi ne yake rubuta littafinsa, ya nemi kuɗin ɗab'i, ya kai wa dillalai a kasuwa, ya jira ciniki. Ba kamfanin NNPC na Zariya a bayansa, ba hukumar ilmi da za ta sa littafinsa a manhaja. Wanda ya fito daga wannan makaranta ya riga ya koyi abu biyu: ya san mai saye shi ne alƙali, ya kuma san aikin fasaha dukiya ce da mai ita zai iya riƙewa da hannunsa.

A daidai wannan lokaci ne sana'ar finafinan bidiyo ta kafu a Kano, bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Finafinan suka buƙaci waƙoƙi, waƙoƙin suka buƙaci situdiyo, sai fiyano ƙirar Yamaha ta maye gurbin kalangu da kotso da taushi. Da wannan na'ura mutum guda yana iya fitar da sautin ƙungiya sukutum. Mafi yawan abin da aka fara yi da ita waƙoƙin soyayya ne na fim, waɗanda aka riƙa kira waƙoƙin nanaye, kuma mawaƙansu a ɓoye suke, ɗan wasa ne yake motsa baki jama'a su ɗauka muryarsa ce. Malamai da dattawa da yawa suka yi wa kiɗan fiyano kallon abin yara da shashanci.

Gudummawar Ala ta farko ita ce ya ɗauki wannan kayan aiki da aka raina ya ɗora masa kaya mai nauyi. A cikin shekarun 2000 ya riƙa fitar da waƙoƙi masu zaman kansu, waɗanda ba su jingina da labarin wani fim ba, masu jigon faɗakarwa da ilmi da halin ƙasa, kuma da sunansa da muryarsa. Daga baya ya kafa nasa kamfanin da situdiyo mai suna Taskar Ala. Hanyar yaɗuwar waƙoƙin ma ta bi zamani: daga kaset zuwa faifan CD, daga nan zuwa memorin waya da masu tura waƙa a bakin kasuwa, har zuwa YouTube. Gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Freedom da aka buɗe a Kano a 2003 wadda kuma take da tasha a Dutse, sun taimaka wajen kai muryarsa ƙauyuka. Ta haka ne mutumin Kiyawa da na Jahun da na Birnin Kudu, da mai sayayya a kasuwar Shuwarin, suka san Ala tun kafin fadar Dutse ta kira shi. Wannan jeri na abubuwa, suna tukuna sa'an nan sarauta, shi ne ginshiƙin hujjarmu, za mu kuma komo kansa.

5.0 Zubi da Salo da Jigo

Idan aka kwashe waƙar Ala daga faifai aka zuba ta a takarda, abin da ake gani ya fi kama da rubutacciyar waƙa. Baitoci ne masu adadin ɗango daidaitacce, da amsa-amon ciki da na waje, saɓanin ɗiyan waƙar baka waɗanda tsawonsu yake bin numfashin makaɗi da yanayin fage. Yakan buɗe da ambaton Allah da salati ga Annabi, yakan kuma sa hannu ta hanyar ambaton sunansa, kamar yadda marubuta suka saba. Duk wanda ya ɗauki Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo zai iya feɗe ta da shi ba tare da wahala ba. Amma idan aka mayar da ita kunne, sai a ji gindin waƙa da 'yan amshi suke maimaitawa bayan kowane baiti, da kiɗa, da kirari, da zuga, waɗanda duka kayan makaɗan baka ne. Ke nan jikin waƙar na marubuta ne, tufafinta na makaɗa.

Ƙarfinsa mafi girma yana wajen kalmomi. Yana haƙo tsofaffin kalmomin Hausa da suka fara ɓacewa daga bakin matasa, yana aro daga Larabci irin aron almajirin da ya zauna gaban malam, yana kuma saƙa karin magana a cikin baiti ba tare da ta yi ƙaiƙayi ba. Sunayen waƙoƙinsa kansu sukan tilasta wa mai sauraro ya tambayi ma'ana. A zamanin da Ingausa ta cika bakin samari, wannan hidima ce ga harshe.

Ta fuskar jigo za mu ɗauki misali biyu. Waƙar Jami'a ta zana rayuwar ɗalibi da wahalhalunta, ta yi magana da bakin wanda yake cikin abin, shi ya sa ɗalibai suka karɓe ta tamkar tasu. Waƙar Baubawan Burmi kuwa ta fi zurfi. Waƙar siyasa ce, amma ba ta kamfen ba, domin ba ta tallata ɗan takara ko jam'iyya. Ta soki shugabannin da suka ci amana, sa'an nan ta juyo kan masu zaɓe ta ɗora musu nasu kason na laifi. Mawaƙin da yake jiran kyautar ɗan siyasa ba zai yi rabin farko ba, wanda kuma yake neman tafin jama'a kawai ba zai yi rabin na biyu ba. A wannan waƙa ne muka fi jin muryar Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin a cikin Ala.

Amma nazari ba yabo ba ne, dole mu faɗi inda muke ganin rauni. Na farko, son kalma mai nauyi wani lokaci yakan rinjayi saƙo, har baiti ya zama baje kolin ƙamus, mai sauraro ya yaba wa gwaninta amma ya kasa faɗin abin da aka ce. Aƙilu Aliyu ma gwanin wasa da harshe ne, sai dai shi da wuya wasan ya rufe ma'anar. Na biyu, kiɗan fiyano ba ya magana. Kalangun Shata da kotson Narambaɗa suna da harshe, suna faɗin take, suna amsa wa mawaƙi, har su riga shi. Fiyano kuwa shimfiɗa ce kawai da aka ɗora murya a kanta, sautin da aka fara da shi da shi ake ƙarewa. Wannan rauni ba na Ala ba ne shi kaɗai, na zamaninsa ne, amma ya fi fitowa fili a wurinsa saboda tsawon waƙoƙinsa.

6.0 Jarrabawar Shekarar 2009

'Yancin mawaƙi ba a saninsa sai ranar da aka nemi a karɓe shi. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, daga 2007 kuma ta tsananta aikinta a kan 'yan fim da marubuta da mawaƙa. A cikin wannan yanayi Ala ya fitar da waƙar Hasbunallahu. Addu'a ce daga farko har ƙarshe, ta kai ƙarar masu danniya gaban Allah, ba ta kama sunan kowa ba. A watan Yuni na 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, wannan tana cikinsu. A watan Yuli na wannan shekara aka kama shi bisa tuhumar fitar da waƙa ba tare da an tace ta ba, aka tsare shi, daga baya aka ba da belinsa.

Abu biyu ne suka kamata manazarci ya lura da su a nan. Na farko salon waƙar ne. Habaici tsohon makami ne na makaɗan fada, amma su suna harba shi ne a madadin ubangida, suna fake a bayan ikonsa. Ala ya harba nasa a madadin kansa da abokan sana'arsa, mafakarsa kuwa ita ce sigar addu'a, wadda da wuya mai iko ya fito fili ya ce da shi ake. Na biyu, haramcin bai hana waƙar yawo ba, domin daga waya zuwa waya ta riƙa tafiya ta Bluetooth, hanyar da ba ta bi ta shagon da za a rufe. A wannan shekara Ala ya amsa tambayoyinmu uku amsa cikakkiya, ya kuma biya farashin amsar.

7.0 Rawanin Dutse

Domin a fahimci ma'anar sarautar Sarkin Waƙar Dutse, sai an dubi tarihin masarautar. Dutse tsohon gari ne mai tsohuwar sarauta, amma ya daɗe a ƙarƙashin Kano. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajarta a 1981, aka soke wannan mataki a 1983, sai bayan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, masarautar ta tsaya da ƙafarta tare da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim. Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya riƙe ta daga 1995 har rasuwarsa a watan Janairu na 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi. Masarauta irin wannan, mai tsohon tarihi da sabuwar daraja, tana da buƙatar muryar da za ta shigar da sunanta da na sarakunanta cikin kunnen Hausawa, yadda Narambaɗa ya shigar da Isa, Ɗanƙwairo ya shigar da Maradun.

To a nan ne bambancin yake. A tsohon tsari fada ce take yin makaɗi: a cikinta yake tashi, ita take ciyar da shi, sunanta ne yake ɗaga nasa. A sabon tsari kuwa kasuwa ce ta yi mawaƙin, fada ta same shi da sunansa da situdiyonsa da masu sauraronsa. Ala bai tare a Garu ba, ba a hana shi yi wa wasu sarakuna waƙa ba. Ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero waƙar Bakan Dabo, an kuma naɗa masa sarautu a wasu masarautu, kamar Ɗan Amanar Bichi. Jankiɗi ba zai yi mafarkin irin wannan ba. Bisa tambayarmu ta farko, wadda ta shafi mallakar kayan aiki, rawanin bai canja kome ba.

Tambaya ta biyu da ta uku ne suke da wuya. Waƙoƙinsa na sarauta suna da nasu kyau. Ya fi karkata ga tarihi da jeranta nasaba da ambaton garuruwa da hakimai, har waƙar takan zama kamar kundin tarihi da aka rera, kuma a nan asalinsa na marubuci yana yi masa rana. Amma zambo ya yi ƙaranci a cikinsu, ga shi kuwa zambo shi ne gishirin waƙar fada. Dalili a fili yake: wanda yake da rawani a gidaje da yawa ba shi da abokin gabar da zai yi wa zambo, domin abokin gabar wannan gida mai yiwuwa ubangidansa ne a wancan. Tsohon makaɗin fada bakinsa a ɗaure yake a kan mutum guda, a sake a kan kowa. Haɗarin da yake fuskantar mawaƙin zamani shi ne bakinsa ya zama a sake bisa suna, amma kunya da alheri su ɗaure shi a kan manya duka. Bahaushe ya ce alheri danƙo ne.

Har wa yau, sarauta a wannan zamani ba ta rabu da siyasa ba. An naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II a ƙarshen 2018, aka kama shi a 2019 bisa tuhumar fitar da waƙoƙin da ba a tace ba, a daidai lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin fada da gwamnati, aka kuma tuɓe sarkin a watan Maris na 2020. Masarautar Bichi da aka ƙirƙiro a 2019 an rushe ta da wata doka a 2024. Mawaƙin da ya ɗaura sunansa da rawani ya ɗaura shi da abin da majalisar dokoki take iya warwarewa a zama guda. Abin da ba ta iya warwarewa shi ne waƙar da jama'a suka haddace.

Ba muna cewa karɓar sarauta laifi ba ne. A al'ummar da aka daɗe ana kallon makaɗi a matsayin maroƙi, na ƙasan tsani, naɗa wa mawaƙi rawani saboda fasaharsa ɗaukaka ce ga sana'ar baki ɗaya, kuma fadar Dutse ta cancanci yabo a kan haka. Akwai ma dalilin tattalin arziki da bai kamata mu rufe ido a kansa ba. Tun da waƙa ta koma abin da ake turawa a waya, cinikin faifai ya mutu, abincin mawaƙi ya koma wurin biki da naɗin sarauta da taron siyasa. Na'urar da ta 'yantar da Ala daga mai tacewa a 2009 ita ce kuma ta raba mawaƙa da kuɗin mai saye, ta sake tura su ƙofar masu hannu da shuni. Duk mai zargin mawaƙi da yawan yabo sai ya fara tambayar kansa yaushe rabon da ya sayi waƙa da kuɗinsa.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da sakamako kamar haka. Ala ba ya shiga gidan makaɗan fada, ko da yake yana da rawani, domin ba fada ce ta yi shi ba, ba ita take riƙe da kayan aikinsa ba. Ba ya shiga gidan marubuta zalla, domin da kiɗa da amshi waƙarsa take rayuwa. Muna ba da shawara a buɗe wani rukuni na uku a manhajarmu, na rubutattun waƙoƙi masu kiɗa, a kuma riƙa karkasa mawaƙansa bisa ga tambayoyi ukun da muka kawo, maimakon bisa ga wanda aka yi wa waƙa kawai. Muna kuma kira ga sassan Hausa na kwalejojinmu, da Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, su tattara waɗannan waƙoƙi, su rubuta su, su sa musu shekarun fitowarsu. Memorin waya ba ma'adana ba ce, kuma ba a iya bin sauyin jigon mawaƙi idan ba a san wace waƙa ta riga wace ba.

Game da tambayar da muka buɗe da ita, hukuncinmu shi ne waƙoƙin da za su riƙe sunan Ala bayan an manta da bukukuwan naɗi su ne irin su Baubawan Burmi da Jami'a da Hasbunallahu, waɗanda ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya biya shi. Saboda su ne jama'a suka ba shi suna, saboda sunan ne fada ta ba shi rawani. Muddin Sarkin Waƙa yana iya sake yin irinsu, ya faɗa wa mai mulki da mai zaɓe gaskiya a baiti guda, to mai cin gashin kansa ne ko rawani nawa ya naɗa. Ranar da hakan ta gagara, sai mu mayar da shi rukunin Narambaɗa, mu auna shi da ma'aunin Narambaɗa, wanda kuwa ma'auni ne mai tsanani. Muna fatan mahalarta wannan taro za su gwada tambayoyin nan uku a kan sauran mawaƙan zamani, su gyara mana inda muka yi tuntuɓe.